Yadda na tsayar da yoyon ƙaramin dam ɗina

Wata safiya na ga ruwa na ɓulɓulowa a gindin bangon dam ɗin da muke kamun kifi. Na ɗiba a kwalba, sai ga laka. Gabana ya faɗi, domin ruwa mai laka alama ce yana cin bangon ta ciki.

Na so in danne wurin da yumɓu, injiniya ya hana, ya ce ruwan wata hanya zai nema. Muka rage ruwan sannu a hankali, don gaggawa kan zaftar da bango. Muka shimfiɗa yashi a wurin yoyon, tsakuwa a sama, don ruwa ya wuce amma ƙasar bangon ta tsaya. Ashe saiwar bishiyar da na sare ce ta ruɓe ta bar rami. Muka tone, muka cike da yumɓu muna daɓewa. Yanzu ruwan kwalbar garau yake.