Yadda ake gano gurbin allurar baya kafin aikin haihuwa

Matanmu na unguwannin Aboabo da Asawase a Kumasi, da zarar an ce za a yi musu allurar baya kafin a ciro jariri, tambayarsu guda ce: "Ba za ta taɓa mini laka ba?" Suna da gaskiya su tambaya. Ƙannena masu koyon aikin sa barci da kashe zafi a asibitin Komfo Anokye, ku na rubuta wa wannan, don amsar tana hannunku, kuma ba a gwada aikin sai malami na tsaye a kanka.

Soma da ƙirga ƙashi. Ƙashin baya guda 33 ne a jere: 7 a wuya, 12 a ƙirji waɗanda muke kira T1 zuwa T12, 5 a tsatso waɗanda muke kira L1 zuwa L5, sai 5 da suka manne wuri guda a bayan ƙugu, da 4 ƙanana a can ƙarshe. Laka tana saukowa daga ƙwaƙwalwa ta cikin ramin ƙasusuwan nan, amma ba ta kaiwa ƙasa. A jikin babba tana tsayawa wajen L1 ko L2, a jariri sabon haihuwa kuwa wajen L3. Daga nan sai silin jijiyoyi da ke lilo cikin ruwa, waɗanda ake kira wutsiyar doki, kuma allura siririya kan ture su gefe ta wuce. Shi ya sa muke shiga tsakanin L3 da L4, ko L4 da L5, ƙasa da inda laka ta ƙare.

Sai zama. A zaunar da ita a bakin gado, ƙafafu a kan kujera, ta rungume matashi. Ni nakan ce: "Hajiya, ki takure kamar mai jin sanyin hunturu, ki turo mini bayanki." Wannan lanƙwasawar ce ke buɗe tsakanin ƙasusuwa. Kada ka yi ƙyashin mintin da za ka ɓata wajen gyara zama, ya fi sukar mace sau uku.

Yanzu ɗora hannuwanka a kan ƙololuwar ƙashin ƙugu, dama da hagu. Layin da ya haɗa su, wato layin Tuffier, yakan ratsa L4 ko tsakanin L4 da L5. Nan nake son ka nutsu sosai. Hannu yana ruɗin mutum, ko ƙwararre yakan kasance sama da inda yake zato, balle ga mai tsohon ciki ko mai jiki, wadda kitse ya lulluɓe mata ƙashi. Idan zuciyarka ba ta kwanta ba, sauka gurbi ɗaya. Sauka ba ta cutar da ita, hawa ne ke kusantar da kai ga laka.

Bayan ka wanke hannu, ka sa safar hannu da takunkumi, ka goge bayan da magani ya bushe, ka kashe zafin fata, sai allura. Wadda aka fi so siririya ce mai baki irin na fensir, lamba 25 zuwa 27, don ta fi rage ciwon kan da ke biyo baya. A tsakiyar baya za ka shiga, kana ɗan karkata ta wajen kai. Za ta ratsa fata da kitse, sai jijiyar da ke bin saman tsinin ƙasusuwa, sai wadda ke tsakaninsu, sai jijiya mai launin ɗorawa, wadda taurinta yake fitowa fili a yatsunka. Bayanta akwai ɗan sarari inda ake zuba maganin efidural, wata allurar baya ta daban, sannan dura, wato yana mai kauri da ke lulluɓe da laka da ruwanta, da siririyar yanar da ke manne da ita. Kana huda su sai ka ji ɗan saki. Zare ƙarfen cikin allurar ka jira ruwa garau ya ɗigo. In ba ka ga ruwa ba, ba a zuba magani. In ta ce wani abu kamar lantarki ya ja mata ƙafa, tsaya, ja baya.

Maganin kashe zafin da ake zubawa, bufibaken mai nauyi, ya fi ruwan laka nauyi, don haka gangare yake bi. Da an kwantar da ita rigingine, yakan gangara daga tudun tsatso zuwa kwarin da ke tsakiyar ƙirji. Ɗauki auduga mai sipirit ka bi jikinta daga ƙasa kana tambayar inda sanyi ya soma: cibiya T10 ce, ƙarshen ƙashin ƙirji T6, kan nono T4. Aikin haihuwa yana son a kai wajen T4.

Jijiyoyin da ke riƙe ƙarfin hanyoyin jini daga T1 zuwa L2 suke fitowa, maganin kuwa yana kwantar da su, sai jini ya faɗi. Karkata ta hagu kaɗan don mahaifa ta sauka daga kan manyan hanyoyin jini, ruwa na tafiya a hannu, maganin ɗaga jini a zuƙe cikin sirinji, kana awo kowane minti ɗaya ko biyu har jariri ya fito. In ta ce tashin zuciya take ji, duba awon jini kafin komai. In yatsun hannunta sun soma mutuwa ko muryarta ta yi ƙasa, magani ya hau sama da yawa: ba ta oksijin, ka kira babba nan take.