Yadda ake zana layin taruwar jinsunan itatuwa a gonaki, a kuma kauce wa ruɗin lissafi

Duk wanda ya fita ƙirgar itatuwa a gonakin jihar Maradi ya san gonar farko ce ke cika littafi: gawo, kalgo, sabara, aduwa, magarya. Kafin a kai gona ta goma, da ƙyar sabon jinsi ke shigowa. Idan ka jera yawan gonaki a kwance, jimillar jinsunan da aka gani a tsaye, layin zai hau da sauri sannan ya fara kwantawa. Abin nema shi ne inda zai tsaya.

Fara da tebur. Kowace gona layi ɗaya, kowane jinsi gurbi ɗaya, ka sa 1 in akwai shi, 0 in babu. Filayen da kake aunawa su zama girma ɗaya, kuma kada ka manta da sunan gari. A gonakin sassaben zamani ka duba gindi da kyau, don kututturen sabara ɗaya yakan fito da tsiro masu yawa, kuma duk itace ɗaya ne.

Sai ka cuɗa jerin gonakin. Wanda ya soma da gonar bakin gulbi zai ga layinsa ya yi tsalle, wanda ya soma da jigawa zai ga yana rarrafe. A manhajar R, umarnin specaccum na ƙunshin vegan yana sake jera su sau ɗaruruwa ya ba ka matsakaici.

Yanzu ka ɗora lissafin Clench na 1979: S = an/(1+bn), inda S ke nufin jimillar jinsuna, n yawan gonaki, a da b lambobin da kwamfuta ke ƙiyastawa daga bayananka, a/b kuma ƙololuwar da layin ya dosa. Ka gwada shi da Chao2, lissafin ƙiyasta jinsunan da ba a gani ba, wanda Anne Chao ta fitar a 1987. A ce ka auna gona 30 ka samu jinsi 24, shida a gona ɗaya tak aka gan su, uku kuma a gona biyu. Shida sau shida, a raba da uku sau biyu, ya ba da shida. Bayan ɗan gyaran 29/30, in an ƙara a kan 24 ɗin, jinsunan sun kusa 30. Wannan mafi ƙarancin abin da ke nan ne.

Nan ne ake yawan faɗawa rami. Kowane ɗigo a layin yana ɗauke da duk waɗanda suka gabace shi, jimillar gona 12 tana cikin ta gona 13. Shi ya sa R², ma'aunin dacewar lissafi da bayanai, ke fitowa kusa da 1 ko da lissafin bai dace ba, iyakar kuskuren da kwamfuta ta bayar kuma ta fito siririya fiye da gaskiya. Ni dai ba na yanke hukunci da su.

Ga kuma maƙwabtaka. Gonaki biyar masu iyaka da juna ƙasarsu ɗaya, dabbobin da ke yaɗa irin gawo a kashinsu suna ratsa su duka, wani lokacin ma mai su ɗaya ne, shi ke zaɓen abin da zai sare. Ba shaidu biyar ba ne. Maganin shi ne ka ɗauki gari a matsayin dunƙule: ka zaɓi garuruwa da ka, kowane da dukkan gonakinsa, gari na iya fitowa sau biyu, ka sake lissafin, ka maimaita sau dubu. Kashi 95 cikin 100 na tsakiyar amsoshin su ne iyakarka. In garuruwan uku ne kacal, wannan ma ba zai tsaya ba, sai an ƙara.

Fadamar Gulbin Maradi da tudu, kowane a yi masa layinsa. Hasashe kuma kada ya wuce ninki biyu na gonakin da ka auna. A rahotonka ka faɗi yawan gonaki, yawan garuruwa da tazarar da ke tsakanin filayen.