Waifa Ta Tsaya: Kurakuran Da Ke Sa A Kashe Kuɗi A Banza

Motar da ta daɗe a ajiye ta fi saurin samun wannan matsala. Masu motocin nan masu ɗaki da gado a ciki, waɗanda Turawa ke yawon hutu da su, sun san haka, don motarsu kan yi wata da watanni ba ta motsa ba. A nan kuwa, waifar bas ce ke kwana tun ƙarshen damina, sai ruwan farko ya sauka direba ya murɗa ya ji shiru.

Babban kuskure shi ne a garzaya a sayo sabon injin waifa. Kafin ka taɓa aljihu, kunna makulli, murɗa makunnin waifar, ka kasa kunne kusa da gindin gilashi. Idan ka ji injin yana gurnani amma hannayen ba sa motsi, wuta na zuwa, matsalar ta ƙarfe ce. Ko dai notin da ke riƙe hannun ya kwance har haƙoran sandar suka cinye, ko kuma 'yar robar da ke haɗa sandunan ciki ta fashe ta fita. Sau da yawa sifana da roba sabuwa sun isa. Idan kuwa tsit ka ji, to wajen wuta za ka nufa.

A nan ake yin ɓarnar da ta fi ba ni haushi. Fis ya ƙone, sai a nannaɗa masa zaren waya ko takardar sigari mai ƙyalli, a ce an gyara. Fis ba ya ƙonewa haka kawai. Sau da yawa sandunan ne suka yi tsatsa suka cije, ko robar ta manne da gilashi saboda zafin rana, injin ya yi ta fama har ya ja wuta fiye da ƙima. Ka cire masa fis na gaskiya, wayoyin mota ne za su narke a madadinsa. Mayar da irin wanda ka cire: a yawancin motoci mai ruwan ɗorawa amfiya 20 ne, kore 30. In sabon ma ya ƙone nan take, daina canzawa, nemi abin da ya cije.

Fis lafiya amma shiru? Musanya rile ɗin waifa, wato ɗan makunnin da ke sakar wa injin wuta, da wani irinsa a akwatin fis, ka gwada. Sannan a sa mitar auna wuta a soket ɗin injin a ga ko volt 12 na isa, manyan motoci kuwa 24. A duba wayar da ke haɗa injin da bodi, don tsatsa a wurin kaɗai kan kashe shi. Sai duk waɗannan sun fita lafiya za a zargi injin.

Kada ka tura hannu cikin sandunan makulli na kunne. Injin nan na iya karya yatsa. Kuma kada ka share ƙurar hunturu a bushe, tana kankare gilashi tana cinye roba.

Wajen mayar da hannayen, fara kunna injin ka kashe, ka bar shi ya koma mazauninsa da kansa, sannan ka ɗora su a gindin gilashi ka ɗaure noti. In ba haka ba, za su riƙa tsayawa a tsakiya ko su daki gefen bodi.