Babi na 6: Kabewa a Kaskon Kare

Darasi na 1

Ku dubi kalmar nan da kyau: ka-be-wa. Ba ku-be-wa ba. Harafi guda ne ya raba su. Kubewa ta miyar yauƙi ce, kabewa kuwa ta taushe, wadda ake yankawa ana sayarwa a kasuwar Dole. Wanda ya karanta daidai, madalla. Wanda ya tuntuɓe ya sake, ba abin kunya ba ne.

Karen da ke gadin gida ko garka yana iya cin kabewa, har tana taimakonsa in kashi ya yi masa tauri. A wanke ta, a fere ɓawon, a kwashe ƴaƴan. A yanka ƙanana kamar kan yatsa, a dafa da ruwa zalla har ta yi laushi.

To, ga inda kuke faɗuwa. A cire rabon kare kafin kayan miya su shiga tukunya. Ba gishiri, ba magi, ba barkono, ba albasa, ba tafarnuwa. Ku aza yatsa kan kalmar: kafin. Albasa da tafarnuwa suna ɓata jinin kare, ɗanyu ko dafaffu. Ba ranar ake gani ba. Bayan ƴan kwanaki sai ya yi laƙwas, dasashinsa ya yi fari, fitsari ya yi ja. In haka ta faru, sai wurin likitan dabbobi.

Makon jiya wani dattijo ya ce mini, "Malam, ai na tsince albasar." Haba, Baba! Ruwanta da ya bi miya fa, shi ma ka tsince? Sau nawa zan faɗa? Sauran taushe naku ne, ba na kare ba. Kowa ya rubuta sau 3 a littafinsa: A cire rabon kare kafin albasa.

Darasi na 2

A bari ta huce. Ƙaramin kare cokali 1, babba 2 ko 3, a gauraya da abincinsa cikin kaskonsa. In ya yi zawo, a dakata. Kabewa ƙari ce, kada ta wuce kashi 1 cikin 10 na abin da yake ci. Kun dai cire kafin albasa?

Darasi na 3

A ɗanɗana tukuna. Kabewa ko kokwamba mai ɗaci a zubar, haka ma duma: ɗacin nan guba ne.

Darasi na 4

Kankana ma yana ci, ban da ƴaƴa da ɓawo.