Matakan da aka cire daga Sonic 2: kurakuran da aka fi yi wajen ba da labarinsu

Wasan Sonic the Hedgehog 2 ya fito a watan Nuwamba na 1992 a na'urar Sega Mega Drive, amma abin da ya shiga kaset bai kai abin da aka tsara ba. An yi aikin ne a Sega Technical Institute da ke Kalifoniya, Japanawa da Amurkawa a ofis ɗaya, ga lokaci ya ƙure domin kamfani na son wasan ya shiga kasuwa kafin cinikin Kirsimeti. Haka aka zubar da matakai da dama. Yau labarinsu ya cika intanet, sai dai an cakuɗa shi, saboda masu bayarwa ba sa rarrabe abu huɗu: hoton da aka zana don talla, kwafin gwaji da aka haɗa kafin a gama wasa, matakin da aka sake ginawa daga baya, da wanda magoya baya suka ƙera da kansu.

Kuskuren da ya fi daɗewa shi ne kiran matakin hamada da suna Dust Hill. Mujallun wasanni na 1992 sun buga hoton Sonic a cikin rairayi da itatuwa masu ƙaya, sannan a ƙarshen shekarun 1990 wani kwafin gwaji ya ɓulla, wanda ake kira da sunan Simon Wai, mutumin da ya fito da shi fili. A jerin matakan kwafin akwai sunan Dust Hill. Mutane suka haɗa suna da hoto, shi ke nan magana ta zauna. To amma in ka zaɓi Dust Hill a wannan kwafi, kogo za ka faɗa, wato Mystic Cave tun bai kammala ba. Takardun aikin da suka fito daga baya sun nuna matakin hamadar da suna Sand Shower. Shi kuwa hoton, zane ne da Brenda Ross ta haɗa don a nuna yadda matakin zai kasance, ba daga cikin wasa aka ɗauko shi ba. Gyaran ba wuya: Dust Hill tsohon sunan Mystic Cave ne, kuma duk bidiyon da ka ga Sonic na gudu a waccan hamada, aikin magoya baya ne. Haka ma Neo Green Hill, kada a lissafa shi cikin waɗanda aka cire, shi ne ya koma Aquatic Ruin.

Hidden Palace ya fi kowanne rikita mutane, don wurare uku ne ke amsa sunan. Na farko shi ne na 1992, wanda Craig Stitt ya zana: kogo mai ƙyalli da gadoji masu haske, inda aka so Sonic ya je bayan ya tara duwatsun Chaos Emerald bakwai ya samu ƙarfin Super Sonic. Ba a gama shi ba. A kwafin gwaji kana tafiya sai ka iske wani hawa mai tsayi da ba ya hawuwa, tafiya ta ƙare. A kaset ɗin kasuwa ma gurbinsa na nan, ana iya kutsawa da na'urar satar hanya irin Game Genie, amma an goge zanen, sai tarkace a allo. Na biyu yana cikin wasan Sonic & Knuckles na 1994, suna kawai suka haɗa. Na uku shi ne na 2013, lokacin da Christian Whitehead da Simon Thomley suka sake gina wasan don wayoyin iOS da Android. Ana shiga ta wani rami a kashi na biyu na Mystic Cave, ramin da a tsohon wasa ƙusoshi ne a ƙasansa. Mutane na cewa "an dawo da matakin da ya ɓata", ni kuwa ina ganin wannan magana ta yi yawa. Zanen tsoho ne, amma tsarin hanyoyin da ogan da ake yaƙa a ƙarshe sababbi ne. Mataki ne mai daɗin bugawa, sai dai ba hujja ba ne a kan abin da aka yi niyya a 1992.

Akwai ƙananan kurakurai biyu da ke rataye da shi. Ƙaton koren dutsen da ke kwafin gwaji ba Master Emerald ba ne, wato babban dutsen da Knuckles ke gadi, wancan ya zo ne tare da labarin Knuckles a wasannin da suka biyo baya. Sai kiɗa: lamba 10 a wurin gwajin sauti ita aka ɗaura wa gurbin a kaset ɗin kasuwa, amma a kwafin Simon Wai, kiɗan da ya zama na Mystic Cave na 'yan wasa biyu ne ke tashi, kuma shi aka sa a na 2013.

Genocide City kuwa sunansa ne ya jawo masa tatsuniya, har ana cewa an cire shi saboda muninsa. Masu aikin sun ɗauko kalmar Turancin ce, mai nufin kisan ƙare-dangi, ba tare da sun san nauyinta ba, daga baya aka koma Cyber City. A kwafin gwaji babu komai a ciki, Sonic na shiga sai ya faɗa ƙasa ya mutu. Kuma bai ɓata gaba ɗaya ba: tsarinsa ne ya zama kashi na uku na Metropolis, abin da ya sa wannan mataki ya fi sauran tsawo. Wani ɓangare na zanen da Tom Payne ya yi wa matakin kuma ya shiga wasan Sonic Spinball na 1993.

A 2017 Hirokazu Yasuhara, mai tsara matakan, ya nuna taswirorin farko a wani taro a Poland, inda aka ga an so Sonic ya riƙa yawo tsakanin zamanai. Daga nan wasu suka ce ai abin da ya zama Sonic CD ke nan, wani wasan Sonic mai yawo tsakanin zamanai. A'a. Wata tawaga ce daban ta yi Sonic CD a Japan ƙarƙashin Naoto Ohshima.

Kafin ka yaɗa hoto ko bidiyo, tambayi daga wane kwafi aka ɗauko shi: na Nick Arcade, kwafin gwaji mai sunan wani shirin talabijin, wanda aka saki a 2006 amma ya girmi na Simon Wai, ko na Simon Wai ɗin, ko kaset ɗin kasuwa, ko na waya. In mai bidiyon bai faɗa ba, gwada shi da Wood Zone, wani matakin da aka cire. Na ainihi guntu ne ƙwarai, daji da dandamalin katako, babu abokan gaba, bel ɗin da ya kamata ya ja Sonic ba ya motsi, kuma ba a nisa hanya ke yankewa. In ka ga an buga shi daga farko har ƙarshe, da zobba da oga, to wani ne ya cike giɓin a kwamfutarsa, kuma haka ya kamata a rubuta a ƙarƙashin bidiyon.