Yadda za ka zagaya Marseille a yini ɗaya, ta ruwa da ta tudu

Da farko, ka yi sammako zuwa Vieux-Port, tsohuwar tashar jiragen ruwa inda Girkawa suka kafa wannan birni na kudancin Faransa wajen shekara 600 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Da sanyin safiya masunta ke baje kifi a kan tebura, wani ma bai gama mutsu-mutsu ba.

Kafin ka yanki tikitin jirgin ruwa zuwa tsibirin If da ke kusa da birnin, tambayi yanayin iska. Kada ka raina wannan. Idan iskar mistral ta kaɗo da ƙarfi, jirgi ba ya tsayawa a tsibirin If.

In teku ta lafa, shiga jirgin da ke zuwa tsibiran Frioul, wanda ke bi ta If. Cikin kamar minti 20 za ka sauka a Château d'If, ganuwar da Sarki François na Ɗaya ya sa aka fara ginawa a 1524, daga baya ta zama kurkuku. Leƙa ɗakunan fursunoni, ka shafa sunayen da suka sassaƙa a jikin dutse, sannan ka hau sama ka hango birnin. Riƙe hularka da kyau, ka kuma tafi da ruwan sha, don inuwa ba ta da yawa.

Da ka dawo, nufi kasuwar Noailles ka ci abinci. Halal ba ya wuya a can.

Bayan la'asar, hau bas mai lamba 60 zuwa cocin Notre-Dame de la Garde da ke kan tsauni. Ka jira faɗuwar rana a nan, za ka ga tsibiran da ka baro ɗazu.