Yadda ake buga klabes, sandunan kiɗan Kyuba

Klabes ɗin nan fa sanduna ne guda biyu kawai, gajeru masu kauri, kowacce tsawonta kamar santimita 20 zuwa 25, amma a ƙasar Kyuba su ke riƙe da kaɗe-kaɗen da ake kira son da rumba har da salsa, mai ganga da mai jita da mawaƙi duk kunnensu na kansu. Sunan ma a Sifaniyanci mabuɗi yake nufi.

Da farko ka samu busasshen itace mai tauri, su can granadiyo suka fi so, in kanya ka samu ma ta yi. Itace mai laushi kam kada ka ɓata lokacinka.

Sai riƙo, kuma wallahi nan ne duk aikin yake. Ka juya tafin hannunka na hagu sama, ka lanƙwashe yatsu kamar zaka kamfaci ruwa, sai ka kwantar da sanda ɗaya a kan bakin yatsun da gindin babban yatsa, ya zama akwai rami a ƙarƙashinta, ramin nan shi ke fitar da sautin. Kada ka damƙe ta dan Allah, ka barta tana kwance abinta, don da ka matse sautin ya mutu, sai kaji ɗif ɗif kamar ana dukan jiƙaƙƙen katako. Wannan ta kwancen suna ce mata hembra wato mace, ta hannun dama kuma macho, namiji kenan, ita zaka riƙe sako-sako a ƙarshe da yatsu uku ka bugi tsakiyar ta kwancen. In ka dace zakaji ƙwal, tsaf, yana ratsa ganguna.

Bugun kansa biyar ne ake ta maimaitawa. Ka riƙa ƙirga 1 zuwa 16 da baki ba tsayawa, ka buga a kan 1, 4, 7, ka ɗan numfasa, sannan 11 da 13. Wannan shi ne uku-biyu na kiɗan son, wato bugu uku sannan biyu, in rumba kake so sai bugu na ukun ya tashi daga 7 ya koma 8. Fara da tafi a hankali har ya zauna maka a jiki kafin ka ɗauki sandunan.

Akwai kuma biyu-uku, wato ka fara da biyun, amma wanda waƙa ta fara da shi a kansa zaka tsaya har ta ƙare, ba a juyawa a tsakiya.